Harafin da Ya Kusa Cinye Albasar Tungar Ɗorawa

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ba ta daɗe da isowa Jega ba, na yi aikin akawu a ofishin wani shiri na taimakon manoman albasa. Ku da kuke ganina yanzu ina koyar da kwamfuta har kuna ce mini malam, gara ku san inda na fito. Sakandare kawai na gama, ita ma da ƙyar. Darasi ɗaya na taɓa cin maki mai kyau a cikinsa, wato Hausa, kuma na riƙe wannan abin alfahari kamar wanda ya yi digiri.

Ga yadda aikin yake. Ƙauyuka goma sha huɗu ne a hannunmu, tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Kowace Laraba malaman gona su kawo fom, sun rubuta fangali nawa suka duba, nawa ƙwari suka kama, nawa ne lawashinsu ya fara fari. Ni kuma in shigar a kwamfuta, cikin manhajar nan mai layuka da gidaje, kowane ƙauye da shafinsa. Ranar Alhamis a ware kowane shafi, a adana shi daban da sunan ƙauyen, a aika ta imel zuwa hedikwata a Birnin Kebbi. Motar feshi ɗaya ce tal, da injuna da magani a cikinta, kuma da waɗannan saƙonni ake tsara mata hanyar da za ta bi ranar Asabar. Dokar hedikwata ita ce sai goma sha huɗun sun cika kafin sha biyun rana. Idan ɗaya ya rage, a tsallake yankinmu sai wani makon. Janareta kuwa awa biyu ake kunna mana, daga goma zuwa sha biyu.

Aikin Alhamis ba nawa ba ne da farko. Na abokiyar aikina ne, wata baiwar Allah da ta girme ni, ta yi kwas ɗin kwamfuta a Sakkwato, hannunta kamar walƙiya. Da cikinta ya tsufa, lokacin hutun haihuwa ya matso, sai ta ce in gwada yi a gabanta. Na ware shafi, na adana, na buɗe imel, na nemi adireshi, na maƙala fayil, na yi kuskure, na sake. Janareta ya mutu ina kan na tara. Ta dube ni ta girgiza kai.

"In na bar ka hakanga, manoma na kashe ni da baki kahin in yi arba'in," in ji ta.

Kwana huɗu ta yi tana duba wani littafi da ta yi hoton shafukansa tun tana makaranta, tana bugawa tana gogewa. A rana ta biyar ta kira ni ta nuna mini wani ɗan maɓalli da ta sa a saman shafin farko, ta rubuta masa "Aika". Ta ce sunan abin makro, wato jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya, ita kuma ta riƙa bi duk lokacin da aka danna. Na danna. Shafuka suka riƙa ƙiftawa, kafin in gama gyara zama saƙo goma sha huɗu sun jeru a akwatin fita, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kada in taɓa komai, in danna kawai. Washegari ta tafi gidan iyayenta a unguwar Jega Firchin.

Alhamis ta farko da na yi ni kaɗai, goma da kwata shugabanmu ya shigo ya same ni na miƙe ƙafa ina shan shayi.

"Kai, yau ba Alhamis ba ta?"

"Na gama, Yallaɓai."

"Ta ƙaƙa?"

Na nuna masa maɓallin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon saƙonnin da suka tafi, shi da ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba. Sannan ya tambaye ni wa ya yi wannan. A nan ne na yi laifina na farko. Gaskiya na bakina, gajeriya ce, ba ta fi kalma uku ba. Amma na ji daɗin yadda yake kallona, sai na sosa ƙeya na ce, "Ɗan abin da nih haɗa na, Yallaɓai."

Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Injiniya. Direba ya kira ni Injiniya, mai gadi ya kira ni Injiniya. Ma'aikatan wani ofis da ke kusa da mu suka shigo kallo, na tsaya ina yi musu bayanin abin da ni kaina ban sani ba. Har hula na sake.

Laifi na biyu daga alfaharin Hausar nan ya fito. A cikin ƙauyukanmu akwai wata 'yar tunga ta wajen Maiyama, Tungar Ɗorawa. Ita kaɗai ce sunanta ke da harafi mai ƙugiya. Abokiyar aikina ta rubuta sunan shafin da D ta Turanci, Tungar Dorawa, kuma kullum na gani sai ya tsaya mini a rai. Wata Laraba ina lalube-lalube na gano inda ake ciro baƙin haruffa a kwamfuta, na ga Ɗ tana zaune a can da ƙugiyarta. Na yi murna kamar na tsinci ɗan'uwana a tasha. Nan take na goge D na sa Ɗ, na koma baya na kalli aikina, na ce a raina, ai ga abin da masu kwas ba su sani ba.

Washegari na danna "Aika" shugaba na tsaye a kaina. Saƙonni suka fara jeruwa, na ƙauyen Kashin Zama ya wuce, na Sabiyal ya wuce, sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo da rubutun Turanci da alamar gargaɗi. Komai ya tsaya. Ban haɗa shi da gyaran jiya ba ko kaɗan. Na ce masa intanet ne, na rufe akwatin da sauri, na aika 'yan ukun da suka rage da hannu, na sha da ƙyar.

Mai hankali zai hau kabu-kabu ya je Jega Firchin ya tambaya. To amma me zan ce mata, ni da aka naɗa Injiniya a kan aikinta? Sai na je wurin wani mai shagon intanet kusa da tasha, na ce wani akwati ke damuna, yaya ake hana shi fitowa. Bai tambaye ni abin da akwatin ke cewa ba, ni ma ban faɗa ba. Ya rubuta mini layi ɗaya a bayan takarda, kalmomin Turanci huɗu, ya ce in sa a saman makron. Ma'anarsu, kamar yadda na sani daga baya, ita ce: in ka ci karo da kuskure, yi shiru ka wuce gaba. Na sa. Alhamis ta gaba saƙo goma sha huɗu suka tafi sumul, babu akwati. Na ƙara samun abin yabon kaina.

Haka aka yi Alhamis uku. Kuma in faɗi gaskiya duka, kowace Laraba da hannuna nake shigar da fom ɗin Tunga, lambobin fangulan da suka kamu suna hawa mako bayan mako, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Yatsuna na bugawa, kunnena na wurin hirar direba.

Alhamis ta huɗu, da safe tun ba a kunna janareta ba, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofis. Mai unguwar Tungar Ɗorawa ne, ya yi sammako ya biyo motar kasuwa. Ya zauna a kan benci, ya kwance wani ƙullin tsumma, ya shimfiɗa a teburin shugaba. Lawashi ne, ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka, bakinsa ya nannaɗe.

"Mako ukku ke nan malamin gona na zakkuwa shina rubutawa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mu ko kullum Asabar muna zaune bakin hanya. Mota ta wuce zuwa gaba, ta komo ta wuce. Albasag ga ta hwara kai. In anka ƙara mako guda, babu ta. Shi na niz zaka in ji, ko wani laihi munka yi."

Shugaba ya juyo gare ni. Na ce ai kowane mako ana aika na Tunga, zan nuna masa. Da aka kunna janareta na buɗe akwatin saƙonnin da suka tafi, ga su nan kuwa, Tungar Dorawa, Tungar Dorawa, Tungar Dorawa. Na ji sanyi a raina. Shugaba ya ce in buɗe ɗaya mu gani. Na buɗe. Fangulan da suka kamu, biyu. Ya ɗauko fom ɗin malamin gona na makon da aka aika saƙon ya riƙe kusa da allo. Ba su yi kama ba ko a layi ɗaya. Ya ce in buɗe na Sabiyal. Na buɗe. Biyu. Layi da layi, abin da ke cikin fayil ɗin Sabiyal shi ne ke cikin na Tunga. Mako uku hedikwata na karɓar lafiyayyar albasar Sabiyal da sunan mutanen Tunga.

"Mi yaf faru?" in ji shugaba.

Na ce ban sani ba tukuna.

"To saura goma sha ukun fa? Su ma haka suke?"

Na ce wannan ma ban sani ba.

"Kar ka sake danna abin ga sai ka hwaɗa min mi shika yi. Ai kai kay yi shi. Duba shi."

Na buɗe makron. Layukan Turanci suka cika allo, ina kallonsu suna kallona. Agogon bango ya nuna goma da minti ashirin. Na lissafa a raina: idan na zauna na aika da hannu, tara zan kai ko goma, janareta ya mutu, a tsallake mu duka, in ce intanet ne ya hana, kuma za a yarda. Hanyar a buɗe take, na saba binta. Sai na waiga na ga dattijon nan yana ninke tsummansa a hankali, yana mayar da lawashin ciki, kamar abin da zai koma da shi gida ya nuna.

Na miƙe tsaye na ce, "Yallaɓai, ba ni niy yi shi ba. Malama tay yi shi kahin ta tahi. Ban san ko layi guda ba cikinai. Kuma ni nit taɓa shi bayan ta ce kar in taɓa."

Na yi zaton zai yi faɗa. Kallona kawai ya yi, kallon da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Sannan ya dubi agogo.

"Tarihinka sai an jima. Buga abin ga a takarda ka kai mata."

Na fara aika na Tunga da hannu, na gaskiyar, don ko me zai faru ya zama ya isa. Na buga makron a firinta, shafi ɗaya da rabi, na fita da gudu na tare kabu-kabu. A Jega Firchin mahaifinta ya karɓe ni a zaure, ya aika ciki. Ta fito da mayafi da jaririya a kafaɗa, ta zauna a bakin tabarma.

"Injiniya da kanai? Direba ya ce ka ƙera makro. Ni ko nic ce, Allah mai iko, ashe da gwani muka zaune ban sani ba."

Na ce, "Yaya, ki yi min abin da kika ga dama daga baya, na cancanta. Yanzu albasar mutane ta."

Na faɗa mata komai a tsaye, har da mai shagon intanet. Ta miƙa wa mahaifinta jaririyar, ta karɓi takardar, ta ce in ba ta biro. Layin farko ta fara zagayewa.

"Wa yas sa wanga?"

"Ni."

"Ka san mi shika cewa? Ka toshe mai baki. Shi yaz zo shina hwaɗa ma akwai matsala, kai ko kac ce mai shi yi shiru." Ta soke layin. Ta gangara da biro zuwa inda ta jera sunayen ƙauyuka. "Ka canza sunan wani shafi?"

Na ce na gyara rubutun Tunga ne kawai, na sa mata Ɗ ɗinta.

Ta ɗago ta dube ni, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, mahaifinta na cewa ta yi a hankali, jego take. Da ta lafa ta yi mini bayani yadda ko yaro zai gane. Wurin da ake rubuta makro ba ya karɓar harafi mai ƙugiya, shi ya sa ta sa D. Makron yana kiran shafuka da suna, ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Tungar Dorawa, babu mai amsawa, don na canza sunan. Da sai ya tsaya ya yi ƙara. Da na hana shi, sai ya ci gaba da shafin da ke hannunsa, na Sabiyal da ya gabace ta a jeri, ya liƙa masa sunan Tunga ya aika. Sauran goma sha ukun lafiya lau suke.

Na ce to bari in je in mayar da D.

"Tsaya. Rubutunka daidai na, laihin ba nan shike ba. Nawa kuskuren shi na jera sunaye." Ta juya takardar ta rubuta layi bakwai a baya, da manyan haruffa don kada in ɓata. Ta ce yanzu makron ba zai kira kowa da suna ba, zai bi shafukan yadda ya same su. Zai rubuta sunan ƙauye a cikin shafin kansa, don kowa ya buɗe ya san na wa ne. In ya gama kuma ya faɗi nawa ya aika cikin nawa. "Tahi. In ya yi ƙara, ka karanta abin da shika cewa."

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar na koma ofis. Shugaba da mai unguwa da direba duk suna tsaye a bayana, ina kwafar layukan da yatsa ɗaya, gumi na ɗiga a kan takardar. Na danna. Akwatin gargaɗi ya faɗo. Hannuna ya tafi zai rufe shi don sabo, na janye. Na karanta a hankali, na bi layin da ya haska da rawaya, na gwada da takardarta, sai na ga na tsallake ɗigo ɗaya. Na sa ɗigon. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na gyara wani abu a makro ina sane da abin da nake yi. Na sake dannawa. Shafuka suka ƙifta, saƙonni suka jeru suka fara fita. Sha biyu saura minti goma sha biyu ɗan akwati ya fito da rubutunta na Hausa: An aika goma sha huɗu cikin goma sha huɗu.

Muka buɗe kowanne muka gwada da fom, shugaba na karantowa ina dubawa. Duk daidai. Ya fita tsakar gida inda waya ke kamawa, ya kira hedikwata ya yi musu bayanin saƙon Tunga na makonnin baya. Da ya dawo ya ce wa mai unguwa, "Baba, ku aka hwarawa da ku ran Asabar."

Ni na roƙa a tafi da ni. Na goya injin feshi tun safe har azahar, kafaɗuna suka kwaile, kuma ban taɓa jin daɗin wahala irin ta ranar ba. Yawancin gonakin sun tsira. Fangulan da ke can gefe, inda ƙwarin suka fara sauka, sun riga sun tafi, kuma na mai unguwa ne. Da muka zauna hutawa na ba shi haƙuri, na gaya masa ni ne sanadi. Ya ce in nuna masa abin da ya hana mota tsayawa. Na share ƙasa da tafin hannu, na zana D, na zana Ɗ kusa da ita. Ya sunkuya ya duba.

"Wagga 'yar ƙugiya?"

Na ce ita.

"To wacce ad daidai?"

Na nuna mai ƙugiyar.

"A bar muna abinmu," in ji shi. "Injin shi koya."

Na ce ai ya riga ya koya, wata baiwar Allah ta koya masa tana jego.

Ranar Litinin na tsaya gaban 'yan ofis na faɗi wanda ya yi makron. Sunan Injiniya bai bar ni ba, sai dai ya koma na tsokana, na kuma amsa shi shekara biyu ban yi fushi ba. Da ta dawo daga hutu hedikwata suka nemi ta je ta kafa wa sauran yankuna irinsa, shugaba ya ce ni zan riƙa ɗaukar mata jaka. A wannan yawon na koyi aikin, layi bayan layi, tana yi mini dariya tana nuna mini. Har aka rufe shirin ba a sake tsallake yankinmu ba, ba a kuma sake aika wa wani ƙauye rahoton maƙwabcinsa ba.

Na nemi gafararta ta yafe tun a zauren nan, mai unguwa ma ya yafe, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini. Ƙaryar da na yi wa shugaba ba ta kai numfashi ɗaya ba, amma ita ta hana ni yin tafiyar minti goma in yi tambaya, har wani ya rasa fangulansa. Shi ya sa ɗalibaina suke cewa ina da naci: duk wanda ya rufe akwatin gargaɗi bai karanta ba, sai na sa ya sake jawo shi ya karanta mini da ƙarfi. Amma idan na tuna wannan lamari yau, kunyar ba ita ke fara zuwa mini ba. Abin da ke fara zuwa shi ne watan da aka cire albasa, na tsaya a bakin titin Aliero ina kallon ana loda buhuna a manyan motoci, wani ɗan dako ya wuce ni da jan buhu a ka, na tambaye shi ta ina ce, ya ce ta Tungar Ɗorawa.